Kwalayen Tsarabar Baba

"Kada ya sake tako mini ƙofa. In kin ga ba za ki iya ba, to ki zaɓa, ko ni ko shi."

Abin da Baba ya faɗa wa Auta ke nan, ya juya mata baya. Kafinta, wanda ake maganar a kansa, yana tsaye a bakin matakala da jakar kayan aikinsa a hannu, kuma babu abin da bai ji ba. Ya juya ya sauka. Auta tana jin takunsa har ƙasan bene, sannan ƙofar waje ta rufe.

Duk wanda ya shiga gidan nan sai ya ɗauka jiya suka sauka daga jirgi. Ɗaki biyu ne da falo da ɗan kicin a saman bene, a ƙasar da ba tasu ba. Auta tana 'yar makaranta suka kama hayarsa, ga shi yau duk sa'o'inta sun yi aure har suna kai 'ya'ya makaranta. Amma har yanzu babu gado a gidan, katifu ne a ƙasa. Babu kabad, tufafi a akwati suke. Ko ƙusa ɗaya Baba bai taɓa yarda an kafa a bango ba, hoton marigayiya Inna ma a ƙasa yake jingine kusa da taga. In aka yi magana sai ya ce me za a yi da ƙusa a gidan da baɗi za a bari. Baɗin nan kuwa tun Auta tana jiransa har ta daina.

Abin da ya cika falon shi ne kwalaye. Bango guda suka cinye, tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne an naɗe shi da salatif. Tsaraba ce. Tun Baba yana gadin wurin ajiye motoci, duk ƙarshen wata sai ya sayi wani abu saboda wani na gida, ya sa a kwali ya rufe. Ya tsufa ya bar aikin, kwalayen suna nan. Inna ta rasu aka binne ta a makabartar da ke ƙarshen layin bas, kwalayen suna nan. Tun ranar jana'iza Baba bai sake taka makabartar ba, Auta ce kaɗai ke zuwa.

Ita Auta a ɗakin wankin wani gidan kula da tsofaffi take aiki. Wuni take yi tsakanin manyan injinan wanki da tururin guga, ba mai yi mata magana da harshenta, ba kuma wanda take ba labarin gida. Tana ganin tsofaffin da ake ajiyewa a jikin taga suna kallon hanya, ba mai zuwa duba su, sai ta tuna Baba. In ta dawo gida ta tarar da shi a kan dardumarsa yana kallon kwalaye, sai su sha shayi, kowa da abin da ke ransa.

A cikin wannan kaɗaicin Kafinta ya shigo rayuwarta. Ɗan ƙasarsu ne, amma shi tun zuwansa ya koyi yaren mutanen nan, ya yi takardun zama, ya buɗe ɗan shagon aikin katako a bayan tashar bas. Shi ke raka Baba asibiti ya yi masa tafinta wajen likita, shi ya san ofishin da ake zuwa in hitar ɗumama ɗaki ta mutu ko takardar zama ta kusa ƙarewa. Baba har "ɗana" yake ce masa. Abin ya fara lalacewa ne ranar da ya zo da maganar auren Auta, Baba ya tambaye shi yaushe yake shirin komawa gida. Da wani ne, da sai ya ce baɗi in Allah ya yarda, a yi dariya a wuce wurin. Shi kuwa bawan Allah sai ya sunkuyar da kai ya ce iyayensa sun rasu, sana'arsa tana nan, don haka nan ne gidansa yanzu. Tun daga ranar "ɗana" ya koma "yaron nan".

Sai kuma ga maganar ruwa. Rannan Baba ya tafi masallaci tun hantsi, kuma in ya je can sai la'asar, Auta tana wurin aiki. Mai gidan haya ya kira ta ya ce bututu ya fashe a cikin bangon falonsu, ruwa har yana ɗiga a kan mutanen ƙasa. Ba ta da damar barin aiki, ba ta kuma da wanda za ta kira sai mutum ɗaya. Kafinta ya bar shagonsa a buɗe ya ruga, mai gidan ya buɗe masa ƙofa. Ya tarar kwalayen ƙasa sun sha ruwa sun yi laɓas, na sama suna shirin riftowa. Ya kwashe su, ya farke waɗanda suka jiƙe ya fito da kayan ciki don kada su yi funfuna. Da ya ga ƙasa duk ruwa ne babu wurin ajiyewa, sai ya koma shago ya ɗauko katakai da injin huda bango. Kafin la'asar ya kafa kantoci a busasshen bangon, ya jera kayan tsaf a kai.

Ni dai ban ga mugunta a cikin abin da ya yi ba. Amma wanda ya san Baba ya san da ya huda bangon nan gara ya huda masa ƙirji. Tsohon ya shigo ya ga tsarabar da ya yi shekaru yana ɓoyewa an baje ta kamar kayan kanti, ga katakai an kafe su da manyan ƙusoshi irin na wanda ya zo zama. Ya ce wato yaron nan ya yanke masa hukuncin a nan zai mutu ke nan. Daga nan ne ya faɗi maganar da ya faɗa.

Ba a yi kwana nawa ba wani ɗan ƙasarsu da ake kira Mai Kwantena ya ji labari, don irin wannan labarin ba ya kwana a tsakanin baƙin gari. Sana'arsa ita ce kwasar kayan mutane ya aika musu gida ta ruwa, kuma ya daɗe yana kewaye-kewaye a kan Auta tana yi masa kamar ba ta gane ba. Ya zo da sababbin kwalaye a naɗe da salatif, turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba, ya kalli kantocin ya girgiza kai, ya ce yaran yanzu in suka ci abincin wata ƙasa sai su manta inda aka binne cibiyarsu. Ya ce kwantenarsa za ta tashi ba da daɗewa ba, kayan Baba su ne na farko. Shi ma ya gama gininsa a gida, bana zai tattara, abin da ya rage masa kawai matar da za su koma tare. Ya faɗi haka yana satar kallon ƙofar kicin.

Auta tana ciki tana ji. Ta san tun ba yau ba yake cewa bana zai tattara, alhali kwanan nan ya sake sabuwar mota. Amma Baba har da dariya, abin da rabonsa da yi tun ranar ruwan.

Washegari Gwaggo, ƙanwar Baba da ke can gida, ta kira Auta a waya tana wurin aiki. Ko gaisuwa ba su gama ba ta fara. Ta ce 'yar nan ki ji tsoron Allah, ubanki ya tsufa, kina so ya mutu a hannun baƙi ne? Ga mai mayar da ku gida ya fito, kin kafe a kan mai sassaƙa katako wanda ya sayar da asalinsa. Auta ta so ta tambaye ta gidan da ake magana, wane ɗaki ne nata a cikinsa, ita da ko hanyar unguwar ba za ta iya ganewa ba. Amma ba a yi wa gwaggo irin wannan tambayar. Ta ce to, ta ajiye wayar, ta shiga tsakanin zannuwan gadon da ke rataye ta yi kukanta inda ƙarar injina za ta rufe.

Da ta tashi daga aiki ta tarar da Kafinta a rumfar jiran bas, hannuwansa a aljihu saboda sanyi. Ya rame. Ta zauna a ƙarshen bencin, shi ya tsaya, bas ɗinta ta zo ta wuce ba ta ko ɗaga kai ba.

Ya fara da ba ta haƙuri. Ya ce shi kaya ya gani suna lalacewa, bai tsaya ya yi tunanin abin da kwalayen suke nufi ga Baba ba. In ana so zai zo ya cire kantocin ya toshe ramukan, ba wanda zai gane an taɓa huda wurin.

"Ba kantocin ba ne, Yaya," ta ce, hawaye na zubo mata. "Kalma ɗaya yake so ya ji daga bakinka. Ka je ka ce masa baɗi za mu koma. Kowa a garin nan haka yake faɗa, mai shago yana faɗa, liman yana faɗa, wanda ya haifi jikoki a nan ma yana faɗa. Kai kaɗai ne bakinka ya fi ƙarfinta?"

"In na faɗa zai yarda, shi ne abin da nake tsoro."

"To ya yarda mana. Me zai rage ka da shi?"

Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ya ce shi ma ya yi shekaru yana kwana da jaka a gefen kai, bai sayi ko kofin shayi na kirki ba, don yana ganin gobe zai tafi. Yana can yana jiran goben mahaifiyarsa ta rasu, bai je ba, nan ɗin ma kuma bai zauna ba. Ya ce ya san ciwon da ke damun Baba don ya yi shi.

"Auta, ina son ki son da ban taɓa yi wa kowa ba," ya ce. "Amma in na aure ki da ƙarya, kullum Baba zai riƙa kallon fuskata yana jiran ranar tafiya. Ke kuma ki ƙare rayuwarki a kan katifar ƙasa. Gado nake so in yi miki da hannuna, wanda ba za a iya naɗewa a sa a kwali ba."

"To ni in yi yaya? In na bi ka na kashe shi. In na bi shi, ban san kowa a can ba, kuma wa zai riƙa zuwa wurin Inna?"

Ta share fuska da gefen mayafi ta gaya masa cewa gobe da safe Mai Kwantena zai turo mota a kwashe kaya, da yamma kuma zai zo da manyansa. Baba bai ce dole ba, cewa ya yi dai in tana son albarkarsa ta san abin da za ta yi. Kafinta ya ce ba zai shiga tsakaninta da mahaifinta ba, wayarsa dai tana kunne. Da wata bas ɗin ta zo ta shiga, ta zauna jikin taga. Yana nan zaune a bencin shi kaɗai har suka sha kwana.

Ta isa gida gab da magariba. Baba ya buɗe sabon kwali a tsakar falo, yana tsaye gaban kantocin da salatif a hannu. Ya ce ta zo ta riƙa miƙo masa, don kafaɗarsa ba ta kai na sama. Ya ce wannan karon da tsari za a yi, kayan kowa a haɗe, don in an isa kada a sha wahalar rabo.

Ta miƙo tabarau na karatu a cikin gidansa. Baba ya karɓa yana murmushi ya ce na wansa Yaya Babba ne, shi da kullum yake ƙorafin rubutu ya yi masa ƙanana. Har ya sunkuya zai sa a kwali sai ya tsaya. Yaya Babba ya rasu tun kafin Inna, a waya aka gaya musu. Ya ajiye tabaraun a gefe ya ce miƙo wani.

Ta miƙo ƙaramar rediyo. Ta abokinsa ce mai gyaran keke, wanda suka taso tare. Shi ma bara waccan aka yi masa rasuwa, a'a, shi ne ma ya rasu, Baba ya gyara da kansa a hankali. Rediyon ta bi tabarau. Bargo mai laushi na kakar Auta ne. Agogon hannu na malaminsa ne. Yana faɗar mai abu, yana ajiyewa a gefe, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Auta miƙowa kawai take yi, tana jin tausayinsa kamar ta ce a bari sai gobe.

Sai hannunta ya kai kan wasu 'yan takalma ja, ƙanana, duka biyun ba su cika tafin hannunta ba. Baba ya juya su ya ce na ɗan Gwaggo ne, ya saye su lokacin da aka ce yaron ya fara tafiya. Auta ta daure ta ce, Baba, ai shi ne wanda aka turo hoton matarsa da 'ya'yansa.

Ya ce ya sani. Ya zauna a kan katifa da takalman a cinyarsa.

Aka kira salla a wayarsa, suka yi, suka dawo. Ya ce a ci gaba, a sa na masu rai kawai. Suka bi kantocin nan ɗaya bayan ɗaya har suka kai ƙarshe. Abin da ya shiga sabon kwalin bai wuce turmin zane na Gwaggo da wata fitila ba, ita ma fitilar batirinta ya zube a ciki. Kwalin da Mai Kwantena ya ce zai yi kaɗan, ga shi ana ganin gindinsa. Sauran kayan kuwa sun yi tsibi a gefen tsohon.

Abu na ƙarshe a kantar sama wani leshi ne ruwan toka a cikin leda, ruwa bai taɓa shi ba. Auta ba ta taɓa ganinsa ba. Ta tambaya na wa ne. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana shafa ledar.

"Na uwarki ne. Na ce ta ɗinka ta ƙi, ta ce sai ranar da za mu sauka a gida za ta sa, don a san ba a banza muka daɗe ba."

Nan Auta ta kasa riƙe kukanta. Ta durƙusa a gabansa ta ce ya yafe mata, za ta yi abin da yake so, in tafiyar ce su tafi, ita dai kada ya yi fushi da ita. Har cikin ranta ta faɗa, don a wannan lokacin ta haƙura da Kafinta, ta haƙura da komai. Baba bai ko dube ta ba. Yana kallon tsibin kayan ne kamar mai ƙirga mutanen da suka zo masa gaisuwa. Can ya ce, shi da yake ta cewa gida, gida, ashe mutanen ne gidan, ga su nan duk a gabansa ba mai karɓar tsaraba.

Ya miƙe da kyar, ya ɗaga leshin da hannunsa mai ciwo, ya mayar da shi kan kantar da Kafinta ya kafa. Ya danna katakon da yatsa kamar mai gwada ƙarfinsa. Katakon bai motsa ba.

"Wurin uwarki," ya ce ba tare da ya juyo ba, "kusa da ita akwai fili?"

Auta ta ɗago ta dube shi. Ta ce akwai, ta gefen dama, amma ta ji an ce sai an je ofis an nema tun da rai, in ba haka ba wani za a sa.

"Wa ya san yadda ake nema?"

Shi ma ya san amsar, ita ma ta san ya sani. Abin da ta yi ta kuka a kansa ga shi yana zuwa hannunta, amma ko kaɗan ba ta ji daɗi ba, don tana kallon abin da mahaifinta ya ajiye kafin ya iya yin tambayar. Ta ce a hankali, Baba, gobe fa Mai Kwantena zai zo da manyansa. Ya ce ya zo, a ba shi zanen Gwaggo ya kai mata, sauran maganar shi zai yi da su.

Ya sunkuya jikin taga ya ɗauki hoton Inna daga ƙasa, ya goge gilashin da hannun rigarsa.

"Kira yaron nan. Ki ce da safe zai raka ni wurinta, ban san bas ɗin da ake shiga ba." Ya ɗan tsaya, yana neman wuri a bangon da ido. "Kuma ya taho da injin nan nasa. Uwarki ta gaji da zaman ƙasa."